Sake Faɗa Min Daga Farko

Shekara talatin da biyar na yi cikin kaki, ban taɓa ɗaga hannu na mari wanda ake tuhuma ba. Ba haƙuri ne da ni ba, matata tana nan da ranta, za ta ba da shaida. Ina da abin da ya fi mari ne. Sai in zaunar da mutum, in sa a kawo masa ruwa, in ce ya ba ni labarin abin da ya faru. In ya kai ƙarshe, in gyara zama in ce, "Sake faɗa min daga farko." In ya sake, in ƙara cewa ya sake. Abin da ya sa aka laƙaba min Maimaita ke nan, har kurata sababbin zuwa suna zaton sunan yanka ne.

Ɓarayi sun ba ni labari, 'yan damfara sun ba ni, waɗanda aka zalunta sun ba ni suna kuka. Amma ɗan cikina ya yi shekara ashirin da biyu bai ba ni labari ko ɗaya ba. Wannan ne ya hana ni jin daɗin ritayar da na yi ta ɗokin zuwanta.

Wurin wani tsohon saje na koyi aikin, a caji ofis na farko da aka tura ni. Ina kewar ofishin nan har gobe, duk da ba shi da abin a zo a gani. Ɗaki uku ne da sel guda biyu na kulle waɗanda aka kama, sai fanka mai kukan tsohuwar mota, da tafireta wadda harafi ɗaya ya karye mata, sai an gama bugawa a bi da biro ana cikewa. A ƙofar shiga akwai kanta, dogon teburin da ake karɓar ƙara, bayanta kuma wani benci da ake zaunar da wanda aka kama kafin a san inda za a yi da shi. In aka ce an sa mutum a bayan kanta, to an karɓe masa takalmi da bel, ya zauna ƙafa ba komai, duk mai shigowa yana kallonsa.

Saje mutum ne siriri, mai yawan shan shayi, ba ya son hayaniya. Satina na biyu wani mai shago ya kawo ƙarar maƙwabcinsa, wai ya fasa masa shago. Saje ya ce ya faɗi yadda aka yi. Mutumin ya ce ya zo da sassafe, ya tarar da ƙofa a wangale kamar bakin kada. Saje ya kurɓi shayi ya ce ya sake. Ƙofa a wangale kamar bakin kada. A karo na uku, da mutumin ya iso wurin, sai Saje ya taya shi, suka faɗa tare kamar 'yan makaranta: "Kamar bakin kada!" Dariya ta kama kofur ɗin da ke kanta har biro ya faɗi daga hannunsa. Kafin azahar mai shago ya amsa cewa shi ya ɓalle kwaɗonsa da kansa, don ya ɗora wa maƙwabcin, saboda rigimar magudanar ruwa da ke tsakaninsu.

Da ya tafi Saje ya kira ni. Ya ce, "Kurtu, ka ga abin da ya faru? Mai gaskiya abu yake tunowa, shi ya sa kullum sai ya ƙara wani abu ko ya manta wani. Maƙaryaci magana yake tunowa. Ya tsara ta tun daga gida, yana tsoron ya taɓa ta ta rushe."

Ban daɗe ba na ga ɗaya ɓangaren. Wata tsohuwa ta zo an sace mata akuya. Da farko rigar ɓarawon shuɗiya ce, da ta sake ta zama ruwan toka, ta kuma ɓata minti goma tana ba mu tarihin uwar akuyar. Ni har na fara tunanin rikicin tsufa ne. A karo na uku sai ta dafa goshi ta ce, "Af, na manta, yana ɗingishi." Duk yankin nan ɓarawo ɗaya ne mai ɗingishi. Muka same shi da akuyar a ɗaure bayan ɗakinsa, yana ba ta dusa kamar shi ya haife ta.

Da wannan dabarar na ci abinci. Da ita na zama kofur, na zama saje, na zama sufeto. Na ga abubuwan da ba na son tunawa, har da ranar da 'yan fashi suka harbe abokina a gefena muna tsaye bakin gada. Amma in na zauna yanzu, abin da ya fi dawo min shi ne ƙamshin takardun ofishin nan, da yadda muke zama ƙarƙashin bishiyar tsakar gida da yamma, mu da ɓarayin da muka saba da su, ana zolayar juna. Akwai waɗanda na kama sau biyar, sau shida, har ina tambayarsu lafiyar iyali.

Kuskurena shi ne ban iya cire aikin in rataye tare da kakin ba. Matata ta sha gaya min. Tun ina kofur take kirana Sufeto don tsokana, in na fara yi wa yara tambayoyi sai ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Sufeto, nan gida ne fa, ba a kawo ƙara ba." Ni kuwa ko kofi aka fasa sai na tsayar da mai laifi ya faɗa sau biyu, sau uku. A ganina tarbiyya nake yi.

'Ya'yanmu uku ne. Babbar mace ce, ƙannenta suna kiranta Yaya, har mu ma muka bi su. Sai namiji a tsakiya, sai auta. Namijin nan Rediyo muke ce masa, don tun da ya iya magana bai yi shiru ba. Shi ke tarye ni a ƙofa, ya karɓi hulata, ya fara: malamin lissafi ya zame a aji, karen maƙwabta ya kori mai gyaran famfo, wata mota ta wuce da katifa bakwai a kanta. Ina cin abinci yana zuba, ina wanke hannu yana zuba. Sau da yawa nakan ce, "Kai, a rage murya, batir zai ƙare." Yau da za a sayar min da rabin surutun nan, da na saya da duk abin da na mallaka.

Ina da keke baƙi mai ƙararrawa, abu na farko da na saya da gumina. Ko bayan da aka fara ɗaukarmu a motar ofis, ni nake goge shi da hannuna duk sati. Rediyo yana shekara goma sha huɗu a lokacin, ni kuma na kai muƙamin saje, ya fara bin wasu yara masu tseren keke a bayan makaranta, na kuma ja masa kunne a kansu ba sau ɗaya ba. Wata rana mamansa ba ta jin daɗi, ta aike shi kemis, ta ce ya ɗauki keken don ya yi sauri. Na dawo cin abincin rana na tarar da gidan tsit. Yaron yana tsaye a tsakar gida da ledar magani a hannu, babu keke.

Na ce, "Ina ji."

Ya ce, "Na jingine keken a bangon kemis. Na shiga na karɓi maganin Mama. Na fito ban gan shi ba. Na duba hagu, na duba dama. Na tambayi mai gyaran takalma, ya ce bai lura ba."

Na ce ya sake daga farko. Ya sake, babu kalma ɗaya da ta motsa. Na ce ya ƙara. Na duba hagu, na duba dama. Yaron da ba ya iya ba da labarin kaza ba tare da ya bi ta kan zakara da mai kiwon ba, yau ga shi yana jero min magana biyar a tsare kamar layin fareti. Zuciyata ta ce min ya ara wa abokan nan nasa ne, sun lalata ko sun gudu da shi, yana rufa musu asiri. Ba ɓatan keken ne ya fi ƙona min rai ba. Ganin ɗana ya dubi idona ya yi min irin abin da mai shagon nan ya yi wa Saje, shi ne ya sa idona ya rufe.

Matata ta fito tana dafa bango. Ta ce, "Baban Yaya, yaron nan gaskiya yake faɗa."

Na ce, "Ki bar ni da aikina. Abin da nake ci da shi ke nan."

Ban dake shi ba, na kuma daɗe ina yaba wa kaina a kan haka. Hannunsa na kama muka tafi ofis, na ce wa kofur ya sa shi a bayan kanta. Kofur ya zaro ido. Ya ce, "Yallaɓai, Rediyo ne fa." Na ce na san sunansa. Yaron ya sunkuya ya cire takalmansa da kansa, ya miƙa, ya je ya zauna a bencin cikin waɗanda aka kama ranar. Na shige ofishina na rufe ƙofa. Nufina ya tsorata ya faɗi gaskiya cikin minti goma. Har rana ta yi sanyi bai ce a kira ni ba. Da na fito na tambaye shi ko yana da abin ƙarawa, ya ce a'a. Na ce a ba shi takalmansa, muka taho gida yana bayana.

Daga ranar aka kashe rediyo. Bai yi min rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Yana gaishe ni, yana karɓar hulata, in na aike shi ya je. Amma in na ce yaya makaranta, sai ya ce lafiya lau. Me ya faru yau? Ba komai. Ina jiyo shi a ɗakin girki yana sa mamansa dariya har tana tari, da na ɗaga labule sai a yi shiru. Na ce a raina kunyar ƙaryar da ya yi ce, zai ware. Aiki kuma ya yi ta jana, yau an tura ni nan, gobe can, shekaru suka yi ta tafiya.

Ya girma ya zama kafinta, mai hannu sosai, ya yi aure, ya haihu. Ba ya wasa da haƙƙina. Ƙofa ta lalace, kafin in yi magana ya zo ya gyara. Kujerar da nake zaune a kai yanzu shi ya ƙera min ita da na yi ritaya, ya auna tsayin ƙafata don ciwon gwiwa. Ya kawo, ya ajiye, ya ce, "Ga shi, Baba." Na ce Allah ya yi albarka, zauna mana. Ya ce akwai aiki a shago. Mutane suna ce min na yi sa'ar ɗa, ni kuwa na san abin da na rasa.

Wata uku da ajiye aikina, Yaya ta zo mana wuni da 'ya'yanta. Ƙaraminsu ya ture kofin shayina, ya ce mage ce. Don wasa na murtuke fuska na ce, "Sake faɗa min daga farko." Yaya ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ta ce wa yaran, "Kun ga kakanku nan? Mu mun sha wuya. Kafin ya dawo daga aiki sai mun yi bita a bayan ɗakin girki. Ni ce Baba, in sa tsohuwar hularsa, in riƙe muciya, duk wanda ya yi laifi ya zo ya faɗa min sau uku."

Na yi dariya ni ma. Na ce, "Wato ƙarya kuke shirya min."

Ta ce, "Wace ƙarya, Baba? Wa ya isa? Gaskiyar muke haddacewa. Ai mun san dalilin da ya sa kake cewa a sake, so kake ka ji an canza magana ka kama mutum. Shi ya sa ba ma yarda ko kalma ɗaya ta sauya. Ranar da aka sace keken nan ma, ya dawo a guje yana kuka, maganarsa ba kai ba gindi, wai ya hango wani mai jar hula ya yi kwana da shi, wai ya bi shi har takalminsa ya cire. Na ce masa kai, in ka yi wa Baba wannan shirmen ka mutu. Na rage masa ita ta koma biyar, na sa ya maimaita sau goma, har sai da..."

Ta tsaya, don ta ga fuskata. Ba ta san abin da Saje ya koya min ba. Babu wanda ya sani a gidan, ban taɓa faɗa musu ba, sirrin aiki ne. Su sun yi lissafi irin na yara, lissafin da kowane mai hankali zai yi, ni kuma na auna su da ma'aunin ɓarayi. Mai jar hula! Da yaron nan ya zo min da shirmensa yadda yake, da kafin magariba na san inda zan nufa.

Na tashi na shiga ɗaki. Ban iya cin abinci ba ranar. Shekara talatin da biyar ina alfahari ban taɓa kulle marar laifi da sanina ba, ashe guda ɗaya da na tabbatar da laifinsa ba tare da shakka ba, ɗana ne, kuma gaskiya ya faɗa min har sau uku.

Washegari matata ta kawo min shayi ta tsaya a kaina. Na jira ta ce ai na gaya maka, don tana da ikon faɗa. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Wanzami ba ya son jarfa. Ka sa mutum dubu sun amsa laifinsu, yau kai ne a kan benci. Sha ka tashi, ɗanka yana buɗe shago da wuri."

Na same shi shi kaɗai yana yankan katako, fensir a maƙale bayan kunne, garin katako ya yi masa fari a gira. Ya fara furfura a gemu, ban taɓa lura ba sai ranar. Da ya gan ni ya ajiye zarto da sauri.

"Baba, lafiya? Da ka aiko ai da na zo. Kujerar ce?"

"Kujera lafiyarta ƙalau." Na rasa ta inda zan fara, ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban mai laifi ba. Na ce, "Jiya Yayarku ta ba ni labarin bitar da kuke yi. Da mai jar hula."

Ya mayar da idonsa kan katakon.

Na ce, "Ranar nan gaskiya ka faɗa min. Ni ne ban ji ba. Na zalunce ka, na kunyata ka a gaban mutane, kuma na bar abin ya kwana shekara ashirin da biyu. Ka yafe min."

Ya ciro fensirin daga kunnensa ya juya shi a hannu. Ya ce, "Ba komai, Baba. Ya wuce."

Na san wannan amsar, da ita ya yi ta sallamata tun yana yaro. Na ce, "A'a. Ba na son ba komai. Gaya min yadda ranar ta kasance, yadda ka ga dama, ko da zagina ne a ciki."

Wata mota ta wuce, maƙerin da ke kusa yana ta bugun ƙarfe. Can ya ce, "Mai jar hular ma na manta da shi, sai yanzu da ka faɗa. Kemis ɗin ma ba na iya tuno shi. Abin da nake tunawa bencin ne. Simintin yana da sanyi, ga mutane suna shigowa suna cewa ba ɗan Saje ba ne wannan? Na sa kaina tsakanin gwiwoyina don kada a gane ni."

Ya jawo wata 'yar kujera da ƙafa ya turo min, bai dube ni ba. Na zauna.

"Akwai wani dattijo a gefena, da ankwa a hannu, wai buhun siminti ya sata a wurin gini. Ya matsa min wuri. Ya ce, yaro, me ka yi? Na ce an sace min keke, Babana ya ce ƙarya nake. Ya dube ni ya ce, kai, da gani ba ka iya ƙarya ba, mu da muke sana'ar mun san namu. Sai ya gyara zama ya tare ni da jikinsa, duk wanda ya shigo shi yake gani, ba ni ba. Haka ya zauna a karkace har ka fito. Da za mu tafi ya raɗa min, kar ka riƙe babanka a zuciya, aiki ne ya shiga masa ido." Ya ɗan yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. "Na yi ƙoƙari, Baba. Wallahi na yi ƙoƙari. In na buɗe baki a gabanka sai in ji sanyin simintin nan a ƙafata."

Na tuna mutumin. Ni na kamo shi da safen ranar, ni na rubuta takardar da ta kai shi gidan yari wata shida.

Ya ɗauki zarto, ya ajiye, ya ci gaba da gaya min yadda dattijon yake, haƙorinsa ɗaya a karye, da yadda ya yi ta nemansa a kasuwa bayan ya girma bai same shi ba. Ya manta launin rigarsa, ya ce fara, ya dawo ya ce ko dai ruwan ƙasa. Na bar shi yana ta faɗa har rana ta shigo shagon ta kai kan gwiwata. Labari na farko ke nan da ɗana ya ba ni tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma mutumin kirkin da ke cikinsa ɓarawo ne.